Rigar da Inna Ta Ɗinka wa Kwamfuta

Har yau idan na bi ta gaban wani shagon gyaran kwamfuta a Aliero a kan babur ɗina, sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. Shekara biyu ke nan, an ma sake wa shagon fenti, amma ni ban huce ba. Mutane da yawa sun ce min in bar wa Allah. Na bar masa, amma ban daina jin haushi ba.

Mahaifina manomin albasa ne kamar kowa a danginmu, sai dai Allah ya ba shi murya. Shi ke jan baƙi a masallacin unguwarmu a Sabon Garin Jega duk watan azumi, ya karanto aya, malam ya fassara. Ba sananne ba ne, in ka wuce Katanga da wuya ka sami wanda ya san shi. Wata shekara ina firamare, maƙwabcinmu ya dawo daga aikin hajji da rakoda, ya matsa wa Baba sai ya ɗauki karatunsa. Suka yi ta zama a zaurenmu da hantsi har suka cika kaset tara.

Ba karatu kaɗai ke cikin kaset ɗin ba. Akwai zakaran gidanmu da ba ya ganin girman kowa, akwai ƙarar taɓaryar Inna daga cikin gida, akwai tarin Baba. A kaset na huɗu wani jariri yana ta tsala kuka, har Baba ya dakata ya ce, "A ɗauki yaron ga mana," sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya. Jaririn nan ƙanena ne, autanmu, wanda yanzu direban babbar mota ne mai kai albasa kudu.

Bayan rasuwar Baba, Inna ta fito da kaset ɗin daga adakarta a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Sun tsufa ƙwarai. Wasu zarensu ya manne, wasu da ka saka sai su tsinke. Ni malamin sakandare ne a Maiyama, ina da wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da na saya ta hannu. Na ƙarar da dogon hutu guda ina jona rakoda da ita, ina liƙe zare da salatif, ina jan kaset da biro, har na kwashe duka taran. Ban taɓa yin aikin da na yi alfahari da shi kamar wannan ba.

Alfaharin ne ya fara kai ni. Inna ta tambaye ni yadda za a yi da kaset ɗin, na ce mata, "Inna, sun gama aikinsu. Abin da yash shiga nan ba shi tsuhwa, ba shi tsinkewa." Ta ce to, ba ta son su yi ta yawo a ɗaki ɓera ya hau kansu alhali maganar Allah ce a ciki. A yi musu yadda ake yi wa takardun karatu da suka yage. Ni da hannuna na haƙa rami a bakin gonar Baba na binne su.

A kwanakin nan ƙanena ya kira ni daga hanya. Ya ji labari, yana so in tura masa karatun ta waya, ko da kaset na huɗun ne kawai. Ni kuwa ina riƙe da shi a zuci. Wata biyar Baba ya yi yana jinya, ni ke ɗaga shi, ni ke kwantar da shi, shi kuwa yana bisa titi, sai bayan an binne ya zo ya yi kwana uku ya koma.

Na ce masa, "In kana son jin muryar Baba, ka taho gida ka ji. Ba ni tura ta ko'ina."

Ya ce, "Yaya, don Allah."

Na kashe wayar. A lokacin ji na yi na burge.

Tun ranar da Inna ta ji muryar Baba ta fito daga kwamfutar, kwamfutar ta tashi daga kayan aikina. Ba a taɓa ta sai da alwala. Ba a ajiye ta a ƙasa, ba a ɗora ta a teburin da ake cin abinci. Inna ta yanko wani tsohon bargon Baba mai kauri ta ɗinka mata riga da hannu, ta rufe ƙasanta da gefe-gefenta tsaf, ta bar sama kawai inda ake dannawa. In za a kunna, sai ta shimfiɗa darduma, ta ɗora matashi, a zaunar da kwamfutar a kai. Duk Juma'a kuma sai ta kanga mata turaren wuta.

Na yi ta tsokanarta. Na ce saura a yanka mata rago a raɗa mata suna. Ta ce, "Kai dai ba ka da ta ido." Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, da "kai" take kirana ko "wanga". Gaskiyar magana kuwa, abin yana yi min daɗi. Kullum in na dawo daga Maiyama bayan azahar zan kunna mata, ta zauna ta miƙe ƙafa tana jan carbi. In aka zo wurin daka sai ta ce, "Ka ji ni nan, gero nika surhe." Kullum sai ta faɗa, kullum kuma sai ta yi murmushi. Tun rasuwar Baba sai a lokacin na ga tana cin abinci da kyau.

Haka muka ci damina, muka ci sanyi lafiya. Da bazara ta kama, ana tsakiyar cirar albasa, sai kwamfutar ta fara mutuwa. Ba ta ƙara, ba ta nuna komai. Baba yana tsakiyar aya, sai ɗif, fuskarta ta yi baƙi. In na sake kunnawa ta ɗan yi, ta sake ɗaukewa. Kuma da yake Inna kullum daga kaset na farko take son a fara, kusan a wuri ɗaya take yankewa.

Ni na san inji ne. Inna ba haka ta ɗauka ba. Rana ta uku ta ce, "Malam ya yi shiru kuma." Baba take nufi. Rana ta biyar ta sa aka yi waina aka raba wa yaran unguwa sadaka. Wata rana na same ta zaune ta zuba wa baƙar fuskar ido, ta ce a hankali, "Kullum nan shika tsayawa. Ko akwai haƙƙin wani bisa kainai da ba mu sani ba?" Ta koma barin tuwo a kwano. Nan raina ya fara ɓaci sosai. Tsohon ƙarfe na hannu ya sa uwata tana shakkar kwanciyar mijinta a kabari.

Na yi duk abin da na sani. Na sauya soket, na aro cajar wani, na cire batir na bar ta a kan wuta, na cire wuta na bar ta a kan batir. Na share hotuna da tsofaffin takardun jarrabawa ko nauyi ne ya yi mata yawa. Na zagi masu wutar lantarki, da ma ba su rasa laifi. Na taɓa ta na ji ɗumi, amma a Jega a watan nan har ruwan buta zafi gare shi, ɗaki kuma rufin kwano ne, don haka ban kawo komai ba. Sau biyu na sa filasha zan kwafe karatun, ina zaune a kan katifata da ita a cikin rigarta, sau biyu tana mutuwa kafin a kai rabi. Na ce bari a gyara ta tukuna, sai in kwafa a natse.

Ranar Asabar na kai ta wurin wani mai gyara kusa da tashar Jega. Kafin in fita na tuɓe mata rigar na ɓoye a ƙarƙashin matashi, don ba zan je tasha a yi min dariya ba, a ce malamin boko ya sa wa kwamfuta bargo. Mai gyaran ya ɗora ta a teburin katako, fanka na kaɗawa a kanta, ya kunna. Muka zauna. Minti ashirin, ba ta mutu ba. Minti arba'in, tana nan garau. Aka wuce awa guda.

Ya ce, "Malam, ai lahiyatta lau."

Na ce, "To ni ƙarya nika yi? Rana ta ishe ni, na rasa abin yi, sai in ɗauko kwamhuta in taho in yi ma wasa?"

Ya ce a'a, ba haka yake nufi ba, wataƙila batir ne. Da ma duk wanda bai san ciwo ba a wannan sana'a, batir yake cewa. Na saya, na koma gida, na mayar mata da rigarta, Inna ta shimfiɗa darduma. A wurin nan dai ta mutu.

Abin da ke ci na har yau shi ne, duk tsawon awar nan da kwamfutar ta yi tana aiki a teburinsa, filashar tana cikin aljihun rigata. Minti goma sha biyar sun isa. Amma na zauna na harɗe hannu ina hararta, ina jira ta mutu don mutumin nan ya san ni ba maƙaryaci ba ne.

Wani abokin aikina ya ce in kai ta Aliero, akwai wani matashi da ɗalibai ke kai wa nasu, shi ya san kan abin. Na je ranar Juma'a da safe, na sake tuɓe mata riga kafin in fita. Shagon cike yake da mutane, wasu na caji, wasu na jiran a tura musu fim a waya. Shi kuma yana zaune da tabarau, waya maƙale a kunne. Ko kunna ta bai yi ba ya ce, "Bairos na. Sai an yi mata fomatin." Wato a share komai da ke cikinta a sake zuba mata tsari daga farko.

Na ce, "Tsaya. Akwai karatu ciki. Ka kwashe shi gehe kahin ka taɓa komai."

Ya ce, "An gama, malam."

Na ce, "Ka jiya ko? Karatun ga shi na kan gaba. In ba ka iya kwashe shi, ba ni abina in tahi."

Ya ce, "Haba malam, aikinmu na. Tahi ka yi Juma'a ka dawo."

Sau biyu na faɗa masa. Na ƙirga, na sake ƙirgawa a raina ya fi sau dubu. Amma "karatu" na ce. Ban ce na mahaifina ne ba, ban ce ya rasu ba, ban ce babu wani a duniya sai wannan ba. Ba na son buɗe cikina a gaban yara masu jiran fim, kuma a ganina duk mai hankali in aka ce masa ya ajiye abu, ajiyewa zai yi.

Na tafi na yi sallah, na zaga wajen 'yan albasa na gaisa da abokan Baba, na ci abinci. Bayan la'asar na dawo. Yana hango ni ya washe baki, ya jawo kujera ya ce in zauna, yau zan ga aiki. Ya buɗe kwamfutar, ta tashi da sauri kuwa. Ya shiga wurin da ya rubuta wa "Karatu", ya danna. Wata murya ta fito, tas da ita, mai amsa-kuwwa irin ta manyan masallatan ƙasashen Larabawa.

Na ce, "Wanga hwa?"

Ya ce, "Ai malam, naka na saurare shi. Dut ƙara ta. Wani tsoho na ta tari, ga zakara na cara, har da kukan jinjiri. Nic ce a'a, mutum kamarka bai kamata shi riƙa jin wanga ba. Na share shi, na zuba ma na manyan alarammomi, sauka goma cur, ga tahsirin bidiyo na shekara da shekaru. Na cika ma ita dam, ko allura ba ta shiga. Kuma wanga kyauta na, don Allah niy yi, ba ni son ko sisi."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai ga hannuna a wuyan rigarsa, tabaransa a ƙasa. Ina jin muryata tana cewa, "Tsohon ga ubana na! Ubana na, ya rasu! Wa yac ce ka zaɓa man? Wa yat tambaye ka?" Ni da nake hana ɗalibai faɗa, sai da mutum uku suka ɓanɓare ni. Wani mahauci da ke maƙwabtaka da shagon ya riƙe ni ta baya da hannunsa mai maiƙo yana cewa, "Malam, yi haƙuri, yi haƙuri, ai alheri yay yi nuhi."

Alheri! A garuruwan nan namu kowa gwani ne wajen yi maka alherin da ba ka roƙa ba. Ka kai ɗinki a ƙara maka aljihu, ka kai babur a gyara birki a sauya maka madubi. Ba mai tambayarka. In ka yi magana a ce ba ka da godiya. Jama'a suka taru a bakin shagon, kuma na lura rabinsu shi suke tausaya wa, bawan Allah ya cika wa mutum kwamfuta da Alƙur'ani kyauta an shaƙe shi.

Shi kuwa ya tsugunna yana laluben tabarau. Ba mugu ba ne, wannan ma wani abin haushin ne, da mugu ne da na fi samun sauƙi. Ya ɗago ya ce, "Inna lillahi. Malam, don mi ba ka hwaɗi man ba?"

Na ɗauki kwamfutata na fita.

A gida na ce wa Inna ba a gama gyara ba. Na shiga ɗakina na rufe ƙofa, na mayar mata da rigar saboda sabo, na ɗora ta a katifa na kunna baƙon alaramman. Na ce aƙalla in ga abin da na sayar da muryar ubana a kansa. Ko rabin awa ba a yi ba, ɗif, ta mutu. Ashe babu ma wani bairos. Na zauna ina kallonta, da ƙyar na hana kaina maka ta da bango.

Washegari da safe na ɗauki fartanya na tafi gona. Na san wurin, kusa da wata bishiyar darbejiya. Na tona. Damina guda ta wuce a kansu, ga ban-ruwan albasa na rani. Na sami ɗankwalin ya ruɓe, robobin sun cika da laka, zaren ya dunƙule ya zama baƙin ƙulli, in ka ja sai ya narke a yatsa. Na mayar da su na rufe, na wanke hannuna a bakin rijiyar gonar.

A makon nan malamar kwamfuta ta makarantarmu ta dawo daga hutun haihuwa. Yarinya ce a kaina, ba ta da yawan magana. Ta gan ni a ofishin malamai na kifa kai, ta tambaya, na ba ta labari a taƙaice. Ta ce in kawo ta gani. Da na kawo, ba ta kunna ba, ba ta ce batir ba, ba ta ce bairos ba. Ta yi min tambayar da babu wanda ya yi min.

"Malam, ina kaka aje ta in tana aiki?"

Na faɗa mata komai, da darduma, da matashi, da rigar bargo, da turare. Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta kifa kwamfutar ta nuna min wasu ƙananan ramuka a ƙasanta da gefenta, ta ce ta nan take shan iska. Akwai 'yar fanka a ciki mai fitar da zafi. In aka toshe ramukan, zafi ya taru, sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ta ɗauko sukundireba daga jakarta ta kwance bayan. A jikin fankar akwai wani dunƙulen gashin bargo, launin toka irin na bargon Baba, ya haɗu da hayaƙin turare ya yi danƙo. Da ta ciro shi sai ofishin ya ɗauki ƙamshin ɗakin Inna.

Ta goge, ta hura, ta ɗaure. Minti goma. Ko naira ba a kashe ba. Ciwon da ya kai ni tasha, ya kai ni Aliero, ya sa na shaƙe mutum ranar Juma'a, shi ke nan, ɗan ƙullin gashi ne da bai kai ƙwallon goriba ba. Kuma da sau ɗaya na kai ta da rigarta wurin ko wanne daga cikinsu, da ko makaho ya gane.

Na tambaye ta ko ana iya dawo da abin da aka share. Ta ce wani lokaci ana iyawa, in ba ta kwana uku. Kwana ukun nan ban koyar da abin kirki ba. Ranar Alhamis ta kira ni gefe ta ce ta yi iyakar ƙoƙarinta. Da share shi kawai ya yi ya bar wurin fili, da akwai dama sosai. Amma ya zuba wasu abubuwa a kai har ya cika ta, sun danne na ƙasa gaba ɗaya. Kyautar tasa ce ta ƙarasa aikin.

Na hau babur na kamo hanyar Jega ina tafasa. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa wa Inna. Zan ce mata ga abin da rigarta ta jawo. Zan ce mata inji inji ne, ba ya son alwala, ba ya son turare, iska yake so. Na shirya maganar tsaf, har da inda zan ɗaga murya.

Na shiga ɗakinta na same ta ta riga ta shimfiɗa dardumar, ta ɗora matashi, ta wanke rigar ta ninke a gefe. Ta ji ƙarar babur ɗina ne. A saman kabad ɗinta kuwa idona ya sauka a kan 'yar kujerar katakon nan mai buɗewa da Baba ke ɗora Alƙur'aninsa a kai. Tana nan tun rasuwarsa, kullum ina ganinta. Ba ta taɓa ƙasa da abin da aka ɗora mata, kuma iska na wucewa ta ƙarƙashinta ta ko'ina. Da ita muka ɗauko tun farko, da Inna ta sami girmamawar da take so, kwamfuta ta sami iskarta.

Na sauko da ita na buɗe, na ɗora kwamfutar a kai. Sannan na zauna a ƙasa na faɗa wa Inna cewa mai gyaran Aliero ya share karatun, kuma ba ya dawowa. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wancan mun bizne, wanga kuma ya tahi."

Na ce, "Amma Inna, mutuwar da taka yi ba ta da haɗi da Baba. An gano. Ciwon inji na kurum."

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta sauke numfashi. Sai ta miƙo min rigar. "Sa mata."

Na ce, "A bar ta hakanan. Zahi ka damun ta."

Ta dubi rigar a hannunta, ta dubi kujerar katakon, ta dube ni. Inna ba ta yi boko ba, amma ba a yi mata bayani sau biyu. Na ga lokacin da abin ya isa gare ta. Duk maganar da na shirya a hanya ta bi iska, na ce da sauri, "Ni na, Inna. Ni ab ban kwahe ba." Ta ninke rigar ta tura ƙarƙashin matashin da take kwana a kai, kuma daga ranar ba ta sake tayar da zancen ba.

Ƙanena kam ban kira shi ba. Na ɗauki waya ya fi sau goma ina ajiyewa. Da na tura masa ranar da ya roƙa, da yanzu kira ɗaya zan yi ya turo min.

Saura kwana huɗu a kama azumi, ranar Asabar da hantsi, ina ɗakin Inna ina shirya tambayoyin jarrabawa. Kwamfutar tana bisa kujerar Baba, tun safe take kunne, ko gezau. Sai na ji babbar mota ta tsaya a bakin layinmu, na ji sallama. Shi ne. Ya rame, ya yi baƙi, idonsa ja saboda hanya. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya gaishe ni, bai ko sha ruwan da aka kawo masa ba. Ya fita tsakar gida, na ji ƙarar buta. Inna ce ta taɓa faɗa masa ta waya cewa ba a zama gaban kwamfutar sai da alwala.

Ya dawo yana share ruwa daga gemunsa, ya cire hula ya sake sawa, ya zauna a kan dardumar ya tanƙwashe ƙafa, ya fuskanci kwamfutar.

Ya ce, "Yaya, kac ce in taho gida. To ga ni. Sa man na huɗun."